Yaron da aka ce harshensu bai kai ƙirga uku ba: amsa ga malamar lissafi mai shirin tafiya arewacin Ostireliya

Wata malamar lissafi 'yar ƙasarmu da ke zaune a Ostireliya ta rubuto cewa an tura ta wata makarantar firamare ta ƙauye a Yankin Arewa na ƙasar, wanda Darwin ne babban birninsa. Kusan duk ɗalibanta 'ya'yan Aborijin ne, wato mutanen da Turawan Ingila suka tarar a ƙasar lokacin da suka sauka a 1788. An gaya mata yaran ba sa jin Turanci sosai, kuma wai harsunansu ba su da ƙidayar da ta wuce biyu ko uku. Tambayarta ita ce, ta ina za ta ɓullo wa koyar da lissafi ga yaron da ba shi da kalmar bakwai ko goma a harshen uwarsa?

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa ki je a sa'a. Zan fara da maganar ƙidayar nan, domin in kika shiga aji da ita a zuciyarki, ita za ta riƙa yi miki jagora ba tare da kin sani ba.

Mutanen Aborijin ba harshe ɗaya gare su ba. Kafin zuwan Turawa ana magana da harsuna kimanin 250 a ƙasar, kuma har yanzu sama da 100 suna nan da sauran rai, ko da yake waɗanda yara ke tashi da su a baki ba su wuce goma sha wani abu ba. Gaskiya ne wasu daga cikinsu kalmomin ƙidayarsu kaɗan ne. Warlpiri, harshen mutanen hamadar Tanami, yana da jinta, ɗaya, da jirrama, biyu, sai kalmar 'yan kaɗan, sai panu, wato da yawa. Amma Yolngu na gabar tekun Arnhem Land suna ƙirga ƙwan kunkurun ruwa biyar-biyar, kowane tuli suna ce masa rulu, su ce rulu ɗaya, rulu biyu, har a raba wa dangi. A kudu kuma, a jihar Victoria, masanin al'adu A. W. Howitt ya rubuta yadda 'yan aike ke ƙirga kwanaki da gaɓoɓin jiki, daga ƙaramin yatsa a hau hannu har a kai tsakar ka, don a san ranar da za a taru. John Harris ya tattara irin waɗannan shaidu a 1987 don ya rushe zancen “ɗaya, biyu, da yawa” da aka daɗe ana yayatawa.

Ko a inda kalmomin suka yi ƙaranci, an gwada an gani. A 2008 Brian Butterworth da Robert Reeve da abokan aikinsu suka fitar da bincike a kan yara 'yan shekara 4 zuwa 7, wasu masu jin Warlpiri, wasu masu jin Anindilyakwa na tsibirin Groote Eylandt, suka kwatanta su da yaran Melbourne masu jin Turanci. Ana buga sanduna biyu sau kaza, yaro ya jera ƙwayoyi daidai da bugun da ya ji. Ana ajiye ƙwayoyi a kan tabarma a rufe da ƙyalle, a ƙara wasu a ƙarƙashi yana kallo, sai ya jera jimillar a tasa tabarmar. Yaran ƙauyen ba su gaza na birnin ba. Ma'anar yawa tana cikin kan yaro tun kafin a ba shi sunanta.

Sunan kuwa arowa ake yi, kuma mu shaida ne. Ashirin, talatin, arba'in har casa'in duk daga Larabci muka karɓo su, a da gomiya biyu da gomiya uku ake cewa. Sifiri ma na Larabawa ne, miliyan kuma na Turawa. Babu wanda ya ce Bahaushe ba zai iya lissafi ba saboda wannan. Haka yaran da za ki tarar suke amfani da lambobin Turanci a cikin harshensu, an murɗa su sun dace da bakinsu. Makarantun Warlpiri ma sun ƙirƙiro nasu sunayen, wasu daga siffar lambar: biyar rdaka, wato hannu, bakwai wirlki, sandar jifa mai ƙugiya da ta yi kama da 7, takwas milpa, idanu.

To amma kada in rufe ki da daɗin baki. Akwai giɓi na gaske, sai dai ba inda aka nuna miki yake ba. Yaron birni tun yana goye ake tambayarsa shekararsa nawa, ana ƙirga masa matakala, ana nuna masa lambar gida da agogo. Kafin ya shiga aji ɗaya ya ji ƙirga sau dubbai. Yaron ƙauyen Aborijin an cika masa kai da wasu abubuwan dabam: wane ne wane a wurinsa, ina gabas, wace iska ce ke kawo wane kifi, sawun wace dabba ce wannan kuma yaushe ta wuce. Manhajar ƙasa an rubuta ta ne da yaron farko a zuciya. Tana ɗauka cewa ƙirga ta zauna, sai ta wuce da sauri zuwa gurbin lamba, wato sanin cewa 3 da ke cikin 34 gomomi uku ne. Nan ne yara da yawa ke zamewa. Za ki sami ɗan aji biyar yana rera ɗaya zuwa ɗari kamar waƙa, amma in kika ce ya ɗebo miki tsinke 34 daga ɗauri goma-goma sai ya kwance su yana ƙirga ɗaya-ɗaya. Wannan aikin hannu yake so, kullum, da tsinke da duwatsu da kuɗi, har sai goma ta zama abu guda a idonsa. Kada ki yi gaggawar barinsa saboda jadawalin zango ya ce ki wuce.

Babban shingen shi ne Turancin darasin. Yaro na iya zuwa miki da harsuna uku ko huɗu, na uwa, na uba, na kaka, Turanci ya zama na ƙarshe. A wurare kamar Ngukurr da kewayen Katherine da Kimberley za ki ji Kriol, harshe ne mai zaman kansa da dubban mutane ke magana da shi, kalmominsa da yawa daga Turanci suke amma nahawunsa da ma'anoninsa nasa ne. Haɗarinsa ga baƙon malami shi ne ya ji kalmomin da ya sani, ya ɗauka yaro yana jin Turanci, alhali Turancin littafi baƙo ne a wurinsa.

Ki duba kuma yadda Turancin lissafi yake da tarko. Kalmar da ke nufin hagu ita ce ke nufin abin da ya rage bayan an ɗebe. Kalmar tebur ita ce jadawalin sau. Kalmar bambanci, wadda yaro ya sani da ma'anar wannan ja ne wancan fari, ita ce sakamakon ɗebewa. Daga sha uku zuwa sha tara Bature yana fara faɗin ƙaramar lambar kafin goman, shi ya sa yaro ke jin sha huɗu ya rubuta 41. Mu da muke cewa goma sha huɗu ba mu san wannan wahalar ba sai da muka shiga makarantar boko. Sannan ga ƙananan kalmomin da duk ma'anar tambaya ke rataye a kansu: in, sai dai, kowane, tsakanin, fiye da, ƙasa da. Harsunan Aborijin da dama ba sa kwatanta abu biyu yadda muke yi da “ya fi”. Sai a ce wannan dogo ne, wancan gajere. Tunanin kwatancin yana nan, ginin jimlar ne dabam. In kika tambayi yaro da nawa bakwai ta fi huɗu ya ce miki bakwai, ya ji tambayar ne a matsayin wacce ce babba, kuma ya amsa daidai. Don haka kowane darasin lissafi ki ɗauke shi darasin harshe ne a lokaci guda. Ki zaɓi kalmomi biyu ko uku da darasin ya dogara a kansu, ki koyar da su da jiki da kaya kafin a taɓa alli, kuma ki tsaya a kan lafazi ɗaya har ya zauna kafin ki kawo takwaransa.

Akwai wani abu da ba a cika gaya wa sababbin malamai ba, kuma yana ɓata mini rai duk lokacin da na tuna: ciwon kunne. Binciken da aka yi a ƙauyukan Yankin Arewa ya sha nuna cewa kusan tara cikin goma na ƙananan yara suna da wani nau'in ciwon cikin kunne, wasu har dodon kunnen ya huje yana zubar da ruwa. Cunkoson gidaje da yawan mura ne ke ciyar da shi. Yaro yana ji yau, gobe kamar an toshe masa kunne da auduga. A Turanci kuwa sha uku da talatin, sha biyar da hamsin, ɗan sautin ƙarshe ne kawai ya raba su. Yaron da aka rubuta wa “ba ya mai da hankali” sau da yawa bai ji ba ne. Ki fuskanci yara in kina magana, kada ki yi bayani kina kallon allo. Ki rubuta lambar da kika faɗa, ki nuna ta da yatsu. In ajin yana da na'urar ƙara murya da ake rataya wa malami, ki sa ta kullum. Ki kuma nemi ma'aikatan asibitin garin su duba kunnuwan ajinki tun farkon zango.

Yanzu bari mu zo ga dukiyar da yaran za su shigo miki da ita, domin nan ne aikin yake da daɗi.

Ta farko ita ce sanin jiha. Manhaja tana fara wa yara da hagu da dama, gaba da baya, ta ajiye gabas da yamma sai sun girma, saboda a wurin ɗan birni su ne masu wuya. A al'ummomin Aborijin da yawa abin a juye yake. Masu jin Guugu Yimithirr a Hopevale, waɗanda John Haviland da Stephen Levinson suka yi nazarinsu, sukan ce matsa kofin arewa kaɗan, ko akwai tururuwa kudu da ƙafarka. Ɗan Warlpiri ƙarami ya san kakarrara, gabas, da karlarra, yamma, da yatijarra, arewa, da kurlirra, kudu, ko a cikin ɗaki yake. A Pormpuraaw kuma, Lera Boroditsky da Alice Gaby sun ba masu jin Kuuk Thaayorre hotuna su jera bisa lokaci, kamar mutum daga yarinta zuwa tsufa, sai suka jera daga gabas zuwa yamma, duk inda aka fuskantar da su. Ki yi tunanin abin da wannan ke nufi ga layin lamba, wanda muke ɗauka dole daga hagu ya tafi dama. Ni da zan zana layin a ƙasa a filin makaranta, sifiri a gabas, lambobi suna tafiya yamma, yara su taka shi da ƙafa, taku uku yamma, taku biyu gabas, kafin a mai da shi takarda. Taswira, kusurwa, juyi, ma'aunin nisa, duk za ki iya fara su da wuri fiye da yadda littafi ya tsara, ki bar yaran su ɗanɗani zama gwanaye a darasin lissafi tun kafin a kai inda suke da rauni. Ke ma wannan ba baƙonki ba ne, kin taso inda ake kwatanta gona da maƙwabcinta na gabas da na kudu, kuma kowa ya san alƙibla.

Ta biyu, wadda ta fi zurfi, ita ce tsarin dangantaka. A wurin Warlpiri kowane mutum yana cikin ɗaya daga rukunoni takwas tun ranar haihuwarsa. Turawa suna ce wa sunan rukunin sunan fata, amma ba ruwansa da launin jiki. Na maza suna farawa da J, na mata da N: Japanangka da Napanangka, Jangala da Nangala, haka har takwas. Rukuninka shi ke faɗin wa ya dace ka aura, kuma rukunin uwa shi ke yanke na ɗa. Ki bi ta wajen mata ki gani. Napurrurla tana haifar Napangardi, ita kuma ta haifi Nangala, Nangala ta haifi Napaljarri, Napaljarri ta haifi Napurrurla. An dawo inda aka faro bayan hawa huɗu. Ta wajen maza kuwa hawa biyu ne: ɗan Japanangka Japangardi ne, ɗan Japangardi kuma Japanangka. Wato jika yana komawa rukunin kakansa na wajen uba.

Malama, ke da kika karanta lissafi kin riga kin gane abin da ke gabanki. Zagaye mai huɗu da zagaye mai biyu suna aiki tare a kan abubuwa takwas, daidai da tsarin hanyoyi takwas da ake juya murabba'i ko a kifa shi ya koma mazauninsa. Marcia Ascher ta bayyana wannan a littafinta na 1991 a kan lissafin al'ummomi. Tun 1949 ma André Weil, ɗaya daga cikin manyan masana lissafin ƙarni na 20, ya rubuta wa masanin al'adu Claude Lévi-Strauss sharhin aljabara a kan dokokin auren mutanen Arnhem Land. Abin da ake karantawa a jami'a ke nan, yarinya 'yar shekara bakwai tana sarrafa shi da ka. A kawo baƙo a faɗi rukuninsa, nan take za ta gaya miki ko kawunta ne ko ɗanta ne, ko da ya girme ta da shekara hamsin. Tambaya irin “jikar jikar Nangala ta wajen mata wane rukuni take” tambayar saura ce bayan an raba da huɗu, irin lissafin da muke yi in muka ce yau Talata, kwana goma masu zuwa wace rana ce.

Mutanen Yirrkala, a arewa maso gabashin Arnhem Land, su suka fara mai da wannan manhaja a shekarun 1980. Malaman Yolngu da dattawansu suka gina abin da ake kira lissafin Garma a kan ginshiƙai biyu: gurrutu, tsarin dangantaka, wanda suka haɗa da tsarin lamba saboda dukansu suna maimaita kansu hawa-hawa, da djalkiri, sawun kakanni a kan ƙasa, wanda suka haɗa da awo da sanin wuri. Suna kwatanta makarantar da ganma, wurin da ruwan kogi da ruwan teku ke haɗuwa su yi kumfa, kowane yana nan da ɗanɗanonsa. Cikin jagororin aikin akwai Dakta M. Yunupingu, wanda ya zama shugaban makarantar a 1990. Na taƙaita sunansa ne bisa al'adarsu ta kauce wa sunan mamaci, ya rasu a 2013. Akwai kuma Helen Verran, wadda kafin ta je can ta shafe shekaru tana koyar da malaman kimiyya a jami'ar Ile-Ife, inda ta ga yadda malaman Yarbawa ke koyar da awo da ƙidaya da tunanin harshensu. Abin da ta koya a Najeriya shi ta tafi da shi Arnhem Land.

Sai dai ki yi hattara a nan. Tsarin dangantaka ba kayan wasan aji ba ne da za ki ɗauko daga littafi ki zana a allo. Na Yolngu dabam, na Warlpiri dabam, wasu wuraren rukuni huɗu ne, wasu ba su da shi sam. Wani ilimin na maza ne, wani na mata, wani kuma sai wanda ya mallaki ƙasar ke da ikon faɗinsa. Wanda zai buɗe miki wannan ƙofar yana cikin ajinki: mataimakiyar malama 'yar garin. A takarda tana ƙasa da ke, albashinta bai kai naki ba, wataƙila ta yi kwas a kwalejin Batchelor da ke horar da 'yan Aborijin, wataƙila ba ta yi ba. Amma ta ga malamai baƙi da yawa sun zo sun tafi, ita tana nan, ta san uwar kowane yaro, tana jin harshen da yaran ke tunani da shi. Babban kuskuren da baƙi ke yi shi ne su mai da ita mai raba fensir da tsawatarwa. Ki zauna da ita kafin kowane mako, ku tattauna ma'anar abin da za a koyar, ki tambaye ta yaya za a faɗi wannan da harshenku. Wani lokaci za ta ce babu kalma ɗaya, sai an yi zance. Wannan zancen shi ne darasin. Ta fara gabatar da shi da harshen yara, ke ki ɗora Turancinsa da alamominsa a kai. Ba mamaki garin su ba ki sunan rukuni don a san inda za a ajiye ki. Ki karɓe shi hannu biyu, ki koyi abin da ya ɗora miki.

Ki san kuma cewa koyarwa da harshen gida magana ce mai tarihi da ciwo a can. Gwamnatin Gough Whitlam ce ta fara shirin koyarwa da harsuna biyu a Yankin Arewa a 1973. A 2008, shekarar da aka fara jarrabawar ƙasa ta NAPLAN ga 'yan aji 3 da 5 da 7 da 9, sakamakon yankin ya fito da rauni, sai gwamnatin yankin ta ba da umarnin a yi awa huɗu na farkon kowace rana da Turanci. An sassauta dokar daga baya, amma shirye-shirye da yawa ba su farfaɗo ba. Ra'ayina a fili yake: jarrabawar da aka rubuta da Turancin birni, da misalan rayuwar birni, tana auna Turancin yaro ne kafin ta kai ga lissafinsa. Kakannin waɗannan yaran kuma wasunsu suna cikin waɗanda hukuma ta ƙwace daga hannun iyayensu har zuwa wajen 1970, abin da Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a kai ranar 13 ga Fabrairu 2008. In kika ga iyaye suna ɗari-ɗari da makaranta, da dalilinsu.

Game da zaman aji, akwai abubuwan da tarbiyyarki ta gida za ta taimake ki fiye da abokan aikinki Turawa. Kin san kunya, kin san surukuta, kin san uwar da ba ta kiran sunan ɗan fari. A can ma akwai dangantakar kauce wa juna. Wani yaro ba zai zauna kusa da wata ba, ba zai miƙa mata abu ba, ba zai ambaci sunanta ba, kuma a wurin Yolngu akwai irin wannan tsakanin wa da ƙanwa in sun fara girma. In kika haɗa su aiki suka noƙe, ki tambayi mataimakiyarki kafin ki kira shi taurin kai. In an yi rasuwa, sunan mamacin da duk kalmar da ta yi kama da shi sukan fita daga baki na wani lokaci, Warlpiri sukan ce Kumanjayi a madadinsa, don haka ki duba sunayen da ke cikin tambayoyin littafi kafin ki karanta su. Zaman makoki kan ɗauke yaro makonni. Ki tsara darussanki yadda muhimman abubuwa za su riƙa dawowa, don wanda ya dawo ya sami inda zai kama.

Tsame yaro ɗaya a gaban jama'a, ko don yabo ne, yana jawo abin da suke kira kunya, har ya ƙi zuwa gobe. Tambayar da malami ya riga ya san amsarta baƙuwar al'ada ce a gidaje da yawa, inda yaro ke koyo ta kallo da kwaikwayo, ba ya gwada abu a bainar jama'a sai ya tabbata ya iya. Shiru bayan tambaya ba rashin sani ba ne, masaniyar harshe Diana Eades ta yi rubutu sosai a kan wannan da kuma yadda mutum kan ce “e” don a rabu lafiya. Saboda haka “kun gane?” ba ta da amfani. Ki ba su ƙananan alluna kowa ya rubuta ya ɗaga tare, ko su yi aiki bibbiyu, ki kuma iya jira.

Za ki tarar da muhawara mai zafi a kan hanyar koyarwa. Noel Pearson, jagoran Aborijin daga Cape York, ya kawo tsarin koyarwa kai tsaye daga Amurka zuwa makarantun Aurukun da Coen a 2010, inda malami ke bin rubutaccen darasi kalma-kalma, yara suna amsawa tare. Hujjarsa ita ce an daɗe ana fakewa da al'ada ana barin yara ba su iya karatu da lissafi ba. Wannan zargin yana da gaskiya a ciki, kuma ina so ki riƙe shi. Iyayen da kansu suna son 'ya'yansu su iya lissafin kanti da na banki da na kuɗin ma'adinan da ake haƙa a ƙasarsu, don kada a cuce su. Darasin da ya tsaya a zanen ɗige-ɗige da labarin kakanni, bai kai yaro ga ninkawa da rabawa da kaso ba, ya tauye shi. Inda na rabu da rubutaccen darasi shi ne ba ya barin wuri ga abin da yaro ya zo da shi, kuma da Turanci zalla yake tafiya. Ki ɗauki bayyanawa filla-filla da yawan maimaici daga gare shi, ki ɗauki mafari daga rayuwar yaran.

Chris Matthews, ɗan al'ummar Quandamooka mai digirin dakta a lissafi, ya nuna yadda ake haɗa biyun. Yara suna ba da labari, misali tsuntsaye uku a bakin ruwa wasu biyu suka sauko, sai su ƙirƙiro alamominsu na tsuntsu da na “suka haɗu” da na “sai ya zama”, su rubuta labarin da su, wani lokaci su taka shi da rawa. Daga nan a nuna musu alamomin da duniya ta yarda da su. Yaron da ya ƙirƙiri alama da hannunsa ya gane cewa + da = mutane ne suka yi su don taƙaita zance, kuma in aka ɓoye yawan tsuntsayen da suka sauko, ya shiga aljabara ke nan. Chris Sarra kuma, wanda ya karɓi shugabancin makarantar garin Aborijin na Cherbourg a 1998, ya tsaya ne a kan abu ɗaya, cewa malami ya sa ran yaron Aborijin zai yi ƙwazo kamar kowa, ya kuma nuna masa hakan kullum.

Misalan da za ki fara da su suna bakin ƙofa. Ƙwallon Ostireliya ta hannu da ƙafa ita ce abin so a yawancin garuruwan, kuma a cikinta babban ci maki 6 ne, ƙarami maki 1. Yaron da aka ce bai iya sau ba zai gaya miki cewa manyan ci 7 da ƙanana 4 maki 46 ne tun kafin a rubuta a allon fili. Akwai wasan karta da manya ke yi wanda ake haɗa katuna su ba da goma ko ashirin, yara masu kallo sun haddace lambobin da ke haɗuwa su ba da goma tsaf, ko da yake tun da caca ce sai ki shawarci mataimakiyarki kafin ki kawo shi aji. Ga farashin kantin gari, ga man da mota za ta sha zuwa gari na gaba, ga lokutan cikar teku da janyewarta in a gaɓa kike, ga kalandar yanayi, wadda a wurin Yolngu kashi shida ce, ana gane kowane da iska da furen da ya fito. Abu ɗaya ki lura da shi a tambayoyin rabawa: littafi yana ɗauka kowa zai sami daidai da kowa, alhali naman farauta a can bisa dangantaka ake raba shi, wane yana da cinya, wane yana da wutsiya. Ki faɗa a fili cewa a wannan tambayar rabon daidai-wa-daida ake nufi.

A makonni biyu na farko kada ki ba su jarrabawar takarda. Ki zauna da kowane yaro shi kaɗai ko su biyu, mataimakiyarki tana gefe tana yi masa magana da harshensu, ki zuba duwatsu ki ce ya ba ki takwas, ki rufe biyar da hannu ki ƙara uku ki ga ko zai ɗora daga biyar ko sai ya koma ɗaya, ki ba shi ɗaurin tsinke ki ga yadda zai yi da goma. Ki rubuta abin da kowa ya iya. Da yamma kuma ki roƙi mataimakiyar ta zaga da ke cikin gari ki gaida iyaye, ki koyi sunayen jihohi huɗu da harshensu, washegari ki sa yaran su gyara miki lafazi.